Kafin Ka Ce Inji Ya Ƙone: Tarihin Abin da ke Cikin Tayar Keke Mai Caji

Kawuna malamin firamare ne. A Dutse yake zaune, amma makarantar da yake koyarwa tana wani ƙauye ta wajen Kiyawa, sai ka sauka daga kwalta ka ci rairayi mai ɗan dama kafin ka isa. Ka san abin da ya faru ranar 29 ga Mayun 2023: aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. Da abin ya ishe shi sai ya sayar da tsohon babur ɗinsa, ya haɗa da kwasar adashi, ya je Kano ya sayo keke mai caji, irin mai feda da totur ɗin nan.

Wata takwas yana cin moriyarsa. Ran nan da safe ya murɗa totur, sai tayar baya ta yi gurnani, ta yi karkarwa kamar mai jin sanyi, ta ƙi tafiya. In ya ɗan tura da ƙafa sai keken ya ja, amma da gargada. Ya kai wa makanikin da ya daɗe yana yi masa gyaran babur. Mutumin ya saurara, ya shinshina, ya bubbuga, ya ce, "Malam, wannan kam inji ne ya ƙone, sai dai a sa sabo." Kuɗin da aka faɗa masa ya fi albashinsa na wata. Shi ne ya kira ni a waya: "Kai da kake karatun wutar nan, zo ka duba mini kafin in ci bashi."

Zan gaya maka abin da muka tarar, amma sai mun ɗan yi tafiya tukuna. Kowane abu da ke cikin tayar nan yana da shekarar da aka samo shi, yana kuma da wata matsala da ya zo ya magance, kuma wanda ya san wannan jerin ya san inda zai fara dubawa in keke ya ƙi tashi.

Ban ga laifin makanikin ba fa. Iliminsa na gaske ne, sai dai na wani zamani ne. Mun ga zamanin Raleigh da Phoenix, lokacin da gyaran keke bai wuce faci da ɗaurin sarƙa da canjin boris ba. Aka zo zamanin Honda da Suzuki da Besfa, sannan Jincheng da Bajaj da roba-roba suka cika gari, musamman bayan da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka taso daga Kano, acaɓa ya zama sana'a. Duk waɗannan injinan mai ne. Injin mai kuwa yana magana: yana tari, yana hayaƙi, fulogi yana nuna baƙi ko fari, kafireta tana zubar da mai. Da kunne da hanci da ido ake gane ciwonsa. Injin lantarki shiru-shiru ne, kuma cututtuka biyar daban-daban suna iya fitowa da alama iri ɗaya.

Lugude

A shekarar 1820 wani malami a Kwafanhagan ta ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa in wuta ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa tana juyawa. Wato wayar da wuta ke bi ta zama maganaɗisu ke nan. Shekara guda bayan haka, a 1821, Michael Faraday a Landan ya sa wata waya ta riƙa kewaya maganaɗisu ba tsayawa muddin akwai wuta. Ba ta iya jan komai, abin kallo ce kawai, amma ita ce kakar duk wani inji da lantarki ke juyawa, daga fankar ɗakinka har sumon da ke cikin rijiyar burtsatse.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Maganaɗisu yana da kai biyu. Kai iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. In ka naɗe wayar jan ƙarfe a jikin ƙarfe, abin da masu gyara ke kira kwayil, ka ba ta wuta, za ta jawo maganaɗisun da ke kusa da ita. To amma da ya iso gabanta shi ke nan, ya tsaya. In kana son juyi ya ci gaba, dole a daidai lokacin da ya iso ka ɗauke wutar daga wannan kwayil ka mayar wa na gaba. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Kowace ta san lokacin da za ta saki taɓaryarta. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, sai taɓare su yi karo, daka ya tsaya. Tarihin injin lantarki kusan dukkansa amsar tambaya ɗaya ce: wa zai riƙe wa kwayil lokaci?

Amsar farko ta maƙera ce. Ana sa wani zobe na jan ƙarfe mai tsaga-tsaga a jikin sandar da ke juyawa, wasu burusai biyu suna gogarsa suna ba shi wuta. Da sanda ta juya sai burushi ya tsallaka daga wannan tsagi zuwa wancan, wuta ta canza kwayil da kanta. Wanda ya fara samun takardar mallakar irin wannan inji a Amurka, a 1837, maƙeri ne ma na ƙauye a jihar Bamont, sunansa Thomas Davenport. Injinsa ya yi aiki, har na'urar buga jarida ya juya da shi, amma batiran zamanin suna da tsada ƙwarai, kasuwa ta ƙi, ya mutu a 1851 ba shi da komai. Ka riƙe wannan a ranka, don za mu dawo kansa: tun ranar farko batir ne ke kayar da inji.

Burusan farko tarin siraran wayoyin jan ƙarfe ne, daga nan sunan ya samo asali. A shekarun 1880 aka koma yin su da gawayi, shi ne kabon da ka sani. Tela ya san shi, don ƙaramin injin da yake maƙala wa keken ɗinki da kabon yake aiki. Haka injin markaɗe na lantarki, haka abin da ke tayar da mota in an murɗa makulli. Kabon yana cinyewa, yana tartsatsi, yana barin baƙin gari. Saboda haka kusan shekara ɗari, in inji ya fara wasa, kowa ya san abin yi: a buɗe, a duba kabon, a goge zobe, in kwayil ya ƙone a kai wa mai naɗi. Ciwon yana cikin injin, maganin ma a ciki yake. Wannan ɗabi'a ta buɗe inji da farko ita muka gada, kuma da gaskiyarta a lokacinta.

Keke mai inji a cikin taya shi ma tsohon abu ne, ya girmi duk wani babur da ka taɓa gani. Ranar 31 ga Disambar 1895 aka ba wani Ogden Bolton Jr. na jihar Ohayo takardar mallakar keke mai inji a tsakiyar tayar baya, da batir rataye a jikin firam. In ka ga zanen sai ka rantse na kawuna ne. Amma batirinsa bolt 10 ne kacal, kuma injin yana iya zuƙar amfiya har 100. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya kuma yawan wutar da ke gudana, in ka ninka su da juna sai su ba ka wat. Wato na Bolton wat 1,000 ke nan. Keken yau mai bolt 48 zai ba da wannan ƙarfi da amfiya 21 kawai. Me ya sa wannan ya dame mu? Domin tun wajen 1840 James Joule a Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, tsere mata yake yi. In amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Wannan ƙa'ida ita ce ke ƙona injina a Jigawa yau, za ka gani.

Ɗalibin da bincikensa ya yi jira

Yanzu ga wanda na fi so a labarin, wataƙila don ni ma ɗalibi ne mai fama da bincike, kullum 'yan gida suna tambayata amfanin abin da nake yi.

A 1879, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Edwin Hall, bai kai shekara 25 ba, ya ɗauki fallen zinare siriri kamar fatar albasa, ya bi da wuta ta cikinsa, ya kawo maganaɗisu kusa. Sai ya ga wutar ta karkata gefe guda, har an sami ɗan bambancin bolt tsakanin gefen dama da na hagu. In aka juya kan maganaɗisun, karkatar ma sai ta juya. Abin ƙanƙane ne ainun, da ƙyar na'urarsa ta gano shi. Kuma ka tuna, a lokacin ba a ma san da ilektiron ba, sai 1897 J. J. Thomson ya gano shi. Hall ya auna karkatar wani abu da babu wanda ya san sunansa.

Shekaru da dama babu wanda ya ci abinci da wannan bincike in ba masu ɗakin gwaji ba. Sai da aka samo turansista a 1947, aka iya sarrafa silikon, sannan aka gane cewa ana iya yin 'yar na'ura, ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda za ta ce "kan arewa ne a gabana" ko "kan kudu ne a gabana" ba tare da ta taɓa komai ba. Ita ce sansar Hall. A 1959 kuma, a ɗakin binciken Bell, Mohamed Atalla, haifaffen Fot Sa'id ta Masar, tare da Dawon Kahng ɗan Koriya, suka ƙirƙiro mosfet, makunnin wuta da ba shi da wani abu mai motsi, yana buɗewa yana rufewa sau dubbai a daƙiƙa guda. A 1962 wasu injiniyoyi biyu, T. G. Wilson da P. H. Trickey, suka bayyana injin da ke aiki ba kabon. An sami ido, an sami hannu mai sauri, burushi ya zama ba dole ba.

To ga abin da ke cikin tayar kawuna. In ka taɓa ganin an buɗe fankar sama, kamannin ba su da nisa: kwayil a tsakiya a tsaye cik, gangar waje ce ke juyawa. A jikin gangar ta ciki an jera maganaɗisai. Kwayil ɗin rukuni uku ne, matan luguden nan uku, kowane da wayarsa mai kauri: rawaya, kore, shuɗi. A tsakaninsu an dasa sansar Hall guda uku, su kuma suna da siraran wayoyi biyar: ja da baƙi na ba su wuta bolt 5, sai rawaya da kore da shuɗi na kai rahoto. Rahoton yana zuwa wani ɗan akwatin alminiyam da ke ƙarƙashin kujera ko wajen feda, wato kwantirola. A cikinsa mosfet suke, shida ko goma sha biyu ko fiye, su ne ke raba wa kwayil wuta bisa abin da sansa ta faɗa.

Ka ga abin da ya faru ke nan. Aikin riƙe lokaci, wanda a da zobe da kabon ke yi a cikin inji, an fitar da shi waje an raba shi ga sansa da waya da kwantirola. Ciwon ma sai ya bi su. Abin da ya rage a cikin injin, waya ce a naɗe da maganaɗisu da boris biyu, kuma waɗannan ba su cika mutuwa haka kawai ba. A irin mai giya a ciki akwai ƙarin wasu ƙananan haƙora na roba da kan cinye, amma su da ƙara suke sanarwa, za ka ji inji na gudu taya ba ta bin sa.

Rairayi da rana

Na ce ba su cika mutuwa haka kawai ba. Amma ana kashe su, kuma a nan ƙasarmu ta shigo.

Maganaɗisan da ke cikin tayar ba irin na tsohuwar lasifikar rediyo ba ne. Haɗin niyodimiyam ne da ƙarfe da boron, wanda Masato Sagawa a Japan da John Croat a kamfanin General Motors suka samo kowa da kansa a farkon shekarun 1980. Ƙarfinsu ne ya sa inji mai iya ɗaukar ƙato da buhu ya shige cikin taya. Rauninsu zafi. Nau'in gama-gari yakan fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80 a ma'aunin Selshiyos, waɗanda aka inganta su jure 120 ko 150, kuma ƙarfin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa ko inji ya huce. Wayar kwayil ita ma wani siririn fenti ne ya raba kowane zagaye da ɗan uwansa. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar fentin nan da rabi.

Yanzu ka tuna Afrilu da Mayu a Dutse, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, duwatsun nan suna mayar da shi har bayan magariba. Injin da aka auna a ƙasar da ake digiri 25 ya riga ya yi asarar 15 kafin ka hau.

Sannan ga sunan jihar kanta. Jigawa ai tudun rairayi ke nan, kuma duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Jahun da Kiyawa ya san ba a banza aka sa sunan ba. Me rairayi ke yi wa inji? Sai mun koma wurin Faraday. A 1831 ya gano kishiyar abin da ya gano da farko: in maganaɗisu ya gilma ta gaban kwayil, kwayil yana haifar da wuta. Dattawa sun san wannan a aikace, shi ne dainamon da ke gogar tayar Raleigh yana kunna fitila. Injin keke mai caji, yana cikin juyawa, shi ma dainamo ne, kuma wutar da yake haifarwa tana tokare wadda batir ke turowa. In yana gudu sosai tokarewar tana da ƙarfi, amfiya kaɗan ke shiga. In ya nutse a rairayi, ko yana hawan tudun Garu da mutum biyu, juyi ya ragu, tokarewa ta ragu, amfiya ta kwararo iya abin da kwantirola ta bari. Kai kuma ka murɗe totur har ƙarshe don ka fita. A wannan lokacin mafi yawan wutar batirinka zafi take zama, ba tafiya ba. Ka tuna lissafin Joule. Minti kaɗan a haka sun fi awa guda a kan kwalta illa.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ga an cire fedar keke an yar, wai ta tsufar da shi. Fedar nan a cikin rairayi ita ce ke ceton inji.

Damina kuma da nata. Wayar inji ta cikin ramin sandar tsakiyar taya take fitowa, ta nan ruwa ke bi ya shiga in an ratsa kududdufi ko an wanke keke da injin feshi. Ƙurar hunturu kuma ta taru a bakin soket, raɓa ta sauka a kai, tsatsa ta kama. Siginar sansa ba ta da ƙarfin da za ta ƙetare tsatsa.

Mu koma kan batir, tunda na yi alkawari. Batirin dalma, wanda ake kira na ruwa ko da a rufe yake, Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859. Na lithiyam kuwa kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, sa'an jihar Jigawa ke nan, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a kansa. Yamaha ta fitar da kekenta mai taimaka wa feda a 1993. Amma waɗanda suka mai da abin na talaka 'yan Sin ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 manyan biranensu da yawa suka taƙaita babur mai shan mai, jama'a suka koma kan mai caji, har yawansu a ƙasar ya haura miliyan 300. Don a sauƙaƙa farashi, akasarinsu da batirin dalma aka yi su, kuma irinsu ne da yawa ke isowa kasuwanninmu. An yi su ne don shimfiɗaɗɗen titi da gajeriyar tafiya, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Mu kuwa ka san halin da ake ciki da wuta. Batirin dalma ba ya son a bar shi a sauke, yana so a cika shi bayan kowace tafiya. Wanda ya dawo ya tarar babu wuta, gobe ya sake hawa da rabin caji, jibi ma haka, yana rage masa kwana bai sani ba. Duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024, sama da mako guda, irin wannan zama ne da batirin dalma ba ya yafewa. Zafi ma yana cin sa kamar yadda yake cin fentin kwayil. Mugun halinsa kuma shi ne yana iya nuna maka ya cika alhali ba komai. Batir huɗu masu bolt 12 a jere za su nuna sama da 50 a mita in keke na tsaye. Ka murɗa totur, in ɗaya daga cikinsu ya gaji, sai adadin ya faɗo ƙasa da wajen 42, kwantirola ta yanke wuta don ta kare batir, keke ya mutu, bayan daƙiƙa kaɗan ya farfaɗo. Mai shi ya ce inji na yankewa. Davenport da yana raye da ya gane ciwon nan da kallo ɗaya.

Abin da muka yi a tsakar gidan kawu

Na je da mita, irin 'yar ƙaramar nan da masu gyaran waya da masu haɗa sola ke amfani da ita. Muka kafa keken a kan turmi yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa. Muka fara daga abin da ya fi saurin lalacewa kuma ya fi araha, muka bar inji a ƙarshe.

Batir da farko, a tsaye da kuma lokacin da aka murɗa totur. Bai faɗi ba. Fiyus da makulli lafiya. Sai hannun birki, don akwai ɗan makunni a jikinsa da ke yanke inji in ka kama birki, in ya maƙale keke ba zai motsa ba sam, kuma mutane da yawa sun sayi kwantirola sabuwa a kan wannan. Muka cire soket ɗinsa, babu canji. Sai totur, wanda shi ma, abin mamaki, sansar Hall ce a cikinsa da ɗan maganaɗisu: wayar siginarsa takan tashi daga wajen bolt 1 zuwa wajen 4 in kana murɗawa a hankali. Ta tashi sumul.

Daga nan muka kashe komai, muka cire batir gaba ɗaya. Kar ka taɓa yin abin da ke biye batir na haɗe. Na juya taya da hannu, ta juya sakayau. Da ta yi nauyi tana tirjiya, sannan ta saki bayan an zare wayoyin kwantirola, da mun san mosfet ne ya narke ya haɗe. Sai na zare manyan wayoyin nan uku na inji, na haɗa bakin biyu da juna, na ce kawu ya juya. Ya ce, "Kai, ta yi nauyi, kamar ana riƙe ta." Na ce haka ake so. Dainamon Faraday ne ke aiki, wutar da injin ya haifa ta dawo tana tokare shi. Muka gwada rawaya da kore, kore da shuɗi, shuɗi da rawaya, nauyin duk iri ɗaya. Kwayil uku suna raye ke nan, maganaɗisu ma da ƙarfinsa. Babu warin ƙuna, babu wayar da ke taɓa jikin ƙarfe. In naka mai giya ne, baya za ka juya tayar kafin ka ji wannan nauyi.

Saura sansa. Muka mayar da komai, muka kunna, na sa mita tsakanin baƙar waya da rawaya, kawu na juya taya sannu sannu. Sifili, biyar, sifili, biyar. Kore ma haka. Shuɗiya kuwa ta kafe a wuri ɗaya, ko an juya ko ba a juya ba. Ɗaya daga cikin masu lugude ba ta jin kiɗa, shi ya sa taɓare ke karo.

Ko a nan ban yarda a buɗe inji ba. Na bi wayar da yatsa har inda take fitowa daga sandar taya, sai na ji wani ɗan kumburi a jikin robar. Na tambaye shi ko keken ya taɓa faɗuwa ta wannan gefen. Ya yi shiru, sannan ya ce makon jiya ya jingine shi a bakin aji, jak ya nutse a rairayi, ya kife. Muka tsaga robar, ga shuɗiyar siririyar waya ta tsinke, bakin ƙarfe ya datse ta. Mai gyaran rediyo na bakin layinsu ya liƙe ta da dalma, ya naɗe, muka ɗaure wayar yadda za ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi ta ciki. Kuɗin da aka kashe bai kai na kwanon shinkafa ba.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Da sansar ce da kanta ta mutu, dole a buɗe, kuma wanda zai buɗe ya kiyayi yatsunsa, don maganaɗisan nan in suka fizgo tsakiyar inji ba sa jira. Da kwayil ne ya ƙone, masu naɗin fanka da sumo za su iya, in sun ƙirga zagayen kuma sun kiyaye tsarin naɗin yadda suka same shi. Wanda kuma zai canza kwantirola ya tabbata bolt ɗinta ya dace da batirinsa, kuma ta dace da yadda aka jera sansar injinsa, don akwai jeri na digiri 60 akwai na 120, in aka saɓa sai sabuwar ma ta yi gurnani irin na tsohuwar. Masu batirin lithiyam kuma, don Allah, kar a sa masa cajar batirin dalma, kar a yi cajinsa yana da zafi daga dawowa, kar kuma a bar shi a caji a ɗakin da yara ke kwana. Wutarsa in ta kama ba ta jin bokitin ruwa guda.

Da yamma kawu ya hau keken ya biya ta garejin makanikin, ni ina baya. Mutumin ya zagaya tayar, ya sa aka murɗa totur ya kasa kunne, ya ce, "Ikon Allah. Malam, me aka canza?" Kawu ya nuna masa inda aka naɗe. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan'uwa, 'yar mitar nan taka nawa ake sayar da ita? Akwai irin wannan keken guda biyu a ciki, tun watan jiya suke jiran inji daga Kano."